Kofin da Ya Fita Daban

Na yi shekara tara ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin lemo a Calawa. Abin da zan faɗa ya faru ne a farkon shekarun tamanin, lokacin ina zaune a Zawaciki da matata da 'yarmu ta fari, kullum da sassafe ina taka keke zuwa wurin aiki. Aikina shi ne in ɗebo lemo daga kan inji, in auna sukarinsa da gas ɗinsa, in rubuta a littafi. Ba wani babban matsayi ba ne. Farar rigar da nake ɗorawa a kan kayana ce kawai ta raba ni da masu ɗaukar kiret.

Ruwa ne ya addabe mu a shekarar. Famfo ya zo yau, ya ɗauke kwana biyu, inji ya tsaya cak, ma'aikata su jeru a inuwar katanga suna hira. Sai kamfani ya haƙa burtsatse a bayan sito, ta ɓangaren da muka haɗa katanga da kamfanonin jima. Na auna ruwan da 'yan kayan awon da muke da su, ban ga komai ba. Garau yake. Amma babban ofishinmu da ke Ikko ya ce ba za a zuba shi a lemo ba sai an tabbatar mai sha ba zai ji bambanci ba. Suka turo mana wata mata da ta ƙware a kan gwajin ɗanɗano. Gajeruwa ce mai tabarau, ba ta jin Hausa ko ta “sannu”, kowa Madam yake ce mata. Ni aka haɗa ta da shi in riƙa yi mata tafinta.

Ta sa kafinta ya raba wani ɗan ɗaki gida biyar da katako, yadda wanda ke zaune ba zai ga fuskar na kusa da shi ba. Da farko ta zo da wani fom mai matakai tara, daga “ina matuƙar son sa” har zuwa “na tsane shi matuƙa”. Na wuni ina juya shi zuwa Hausa. Muka kira ma'aikata biyar biyar, muka ba su lemon, na karanta musu matakan. Duk wanda na tambaya sai ya ce, “Alhamdu lillahi.” In na matsa, ya ce, “Ai ba laifi.” Madam ta ce in tambaye su mataki na nawa ne ba laifi. Na gaya mata gaskiya, cewa mutumin da ya baro Ɓaɓura ko Damagaram ya zo neman abinci ba zai shigo ɗakin masu farar riga, a miƙa masa lemon kamfani kyauta, ya buɗe baki ya ce babu daɗi ba. Ko a gidan surukinsa ba zai faɗa ba, balle nan.

Ta dube ni, sannan ta ninke fom ɗin ta jefa a jaka. Wannan ya sa na fara ganin girmanta. Ta ce daga yau ba za mu ƙara tambayar kowa ko abu yana da daɗi ba. Kofi uku za mu ajiye wa mutum, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, kowanne da lambar da ba ta nufin komai. Ya kurkure baki da ruwa, ya ɗanɗana daga hagu zuwa dama, ya nuna wanda ya fita daban. Shi ke nan. Ba ya zagin kowa, ba ya yabon kowa. Ta kafa dokoki: ba a cin goro ko shan taba awa guda kafin gwaji, ba a barin foman ya shigo ɗakin, kuma ba a sanyaya lemon ya wuce kima, don sanyi mai yawa yana kashe harshe. Ta ce ko mutum bai ji komai ba yana iya cin sa'a ya canka daidai, shi ya sa ake maimaitawa da mutane da yawa, kwana da kwanaki, har a raba sa'a da sani.

A rana ta uku aka kawo mana wani dattijo daga wajen wankin kwalba. Baba duk kamfanin ke ce masa. Ɗan asalin ƙauyen nan ne na Calawa, an ce ma filin da aka gina sitonmu gonar kawunsa ce a da. Kafin ƙarfinsa ya ragu haƙar rijiya ce sana'arsa, ya haƙa a ƙauyukan Kumbotso ba adadi. Dogo ne siriri, hannuwansa sun yi fari sun tsattsage saboda ruwan soda. Ya tuɓe takalmansa a ƙofar ɗakin, na ce ya shigo da su, ya ce a'a, wurin yana da tsabta.

Na ajiye masa kofunan, na yi masa bayani. Ya yi bisimilla, ya kurɓi na farko, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya kurɓi na biyu. Bai taɓa na ukun ba ya ture na biyun gaba da ɗan yatsa.

Na ce, “Baba, ai ba ku ɗanɗana na ukun ba.”

Ya ce, “To, bari in cika maka doka, Malam.” Ya kurɓa, ya girgiza kai. “Wancan ne dai. Ba ruwan famfo ba ne a cikinsa.”

Ban gaya wa kowa cewa ruwa muke gwadawa ba. Ma'aikata duk sun ɗauka sukari aka rage. Na fassara wa Madam, ta taso daga kujerarta ta zo ta tsaya a kansa. Ta ce in tambaye shi me ya ji.

Baba ya ce, “Zaƙin ya rufe shi, amma yana nan a ƙasa. Akwai ɗan zartsi. Bayan ka haɗiye kuma sai wani ƙarni-ƙarni ya taso maka ta hanci, kamar ka wuce ta bayan majema da hantsi. In na haƙa rijiya na tarar da irin wannan, cewa nake wa mai gida a mayar da ƙasa a sake wuri.”

Na sha wuya wajen mayar da zartsi da ƙarni Turanci. Ta rubuta kalmomin da Hausarsu a littafinta, ta sa na maimaita mata har ta iya faɗa. Daga ranar kullum sai an kira Baba, kuma bai taɓa kuskure ba. Akwai wasu mutum uku da su ma suke yawan canka daidai, amma su sai sun yi ta juya lemon a baki suna tunani. Baba har goron safe ya daina ci saboda mu, ba wanda ya roƙe shi. Ya ce tunda an ba shi amana, gara ya zo da bakinsa a wanke.

Bayan mako guda aka kira Madam ta koma Ikko. Ta bar min aikin, ta ce in ci gaba har mako biyu, in tattara takardun in bai wa manajan aiki ya aika mata.

Manajan nan ɗan birni ne, Bahaushe kamar ni, mai ilimi, kuma shi ya kawo shawarar burtsatsen tun farko, shi ya zaɓi wurin da aka haƙa. Ranar da na kai masa takardun mako na biyu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓe baki. Ya tsaya a kan na Baba.

Ya ce, “Wane ne wannan da ba ya faɗuwa?”

Na ce, “Baba ne, Yallaɓai, na wajen wankin kwalba.”

“Ya iya karatu?”

“Yana da na allo.”

“Ba shi na tambaye ka ba.” Ya ajiye takardar ya dube ni. “Mutum bai san A ba, sai a ce ya fi injin awo? Kai kake nuna masa kofin. Ko da ido ne, ko da ajiye shi a karkace. Na san irin haɗin bakin da kuke yi.”

Ban taɓa jin an kira ni maha'inci a fuskata ba sai ranar. Na ce me zan samu in na yi haka? Ya ce shi ma abin da yake so ya sani ke nan. Na ce to ya gwada shi da kansa, ni in tsaya a waje. Ban zaci zai yarda ba, amma ya yarda, don ya tabbata zai kama mu.

Aka kira Baba ofis. Manaja ya shiga ɗan ɗakin da ke ciki ya rufe ƙofa, ya zuba da hannunsa, ya fito da tire. Ni ina bakin taga ta waje, akawuna biyu suna tsaye a matsayin shaidu. Baba ya durƙusa a kan dardumar ofishin don ba a ce ya zauna ba. Ya kurɓa, ya nuna. Manaja ya koma ya sake zubawa. Ya nuna. Sau huɗu ana yi. A na huɗun Baba ya ɗanɗana duka ukun, ya ɗago kai ya ce, “Yallaɓai, waɗannan duk ɗaya ne. Duk na burtsatse ne.” Ɗaya daga cikin akawunan ya kasa riƙe dariya, ya mayar da ita tari.

Na ɗauka magana ta ƙare. Duk mai kunya a nan zai ce, “Baba, ka yi haƙuri, na zarge ku a banza.” Abin da manajan ya faɗa har yau in na tuna sai na ji zuciyata ta yi zafi. Ya ce, “Wannan ba ɗanɗano ba ne. Mutanen ƙauyen nan kuna da abubuwanku da kuke yi. Ba za a gina aikin kamfani a kan surkulle ba.”

Baba ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa. Ya ce, “Yallaɓai, na haife ka, amma kai ne babba a nan, ba zan yi musu da kai ba. Ni dai ban taɓa zuwa wurin boka ba. Shekara talatin ina shiga rami ina ɗanɗana ruwa kafin in ce wa mutane su sha. Iyakar abin da na iya ke nan. Kun tambaye ni, na faɗa. Da ba ku tambaya ba da ban ce komai ba.” Ya fita ya saka takalmansa.

Washegari aka ɗauke shi daga wajen wanki, inda aƙalla akwai rufi, aka kai shi fili tsince fasassun kwalabe. Aka ce wai sauyin aiki ne da aka saba. Mutum mai furfura, a tsakiyar rana, yana sunkuye cikin gilashi da buhu a hannu.

Ni kuma aka kawo min sabon jerin masu ɗanɗano: akawuna, direbobi biyu, da masinjan manaja. Aka cire mutum ukun nan da ke canka daidai, aka ce aikinsu ya yi yawa. Manaja ya ba da umarni a riƙa ajiye lemon a cikin ƙanƙara har sai kofi ya yi raɓa, ya ce ai haka mutane ke shan sa a gari. Na ce Madam ta hana. Ya ce Madam tana Ikko. Ana kiran su ne da sun gama shan shayin ƙarfe goma, bakinsu cike da sukari da madara, wasu da goro a kumatu. Foman yana jingine da ƙofa yana cewa su yi sauri. Suna shiga su kurɓa su nuna duk wanda hannunsu ya kai, su fita. Sakamako ya fito yadda ake so: ba a jin bambanci.

Manaja ya ce in ƙona takardun farko, tunda a cewarsa an gurɓata su. Na ce to. Na naɗe su a cikin sallayata na ɗaure a bayan keke na kai gida. Amma kada in yabi kaina, domin rahoton ƙaryar nan da aka aika Ikko, akwai sa hannuna a ƙasansa. Ya miƙo min biro, na tuna 'yata da matata mai ciki, na sa hannu. Na fito na bi ta fili, Baba ya ɗago ya ce, “Sannu da aiki, Malam,” na amsa ban iya kallon idonsa ba. Da na gaya wa matata, ba ta yi min faɗa ba, ta dai tambaye ni, “To shi tsohon fa, wa zai faɗa masa ba ka yarda da abin da aka ce a kansa ba?” Sai da na yi kwana huɗu kafin na iya zuwa na tsuguna kusa da buhunsa na ba shi haƙuri. Ya ce, “Kai ma a ƙarƙashin wani kake. Tashi kada gilashi ya yanke ka.”

Aka juya inji kan ruwan burtsatse. Wata na farko shiru, manaja yana wucewa ta gabana yana murmushi. Sai bazara ta kama. Lemon da ya kwana biyu a shago cikin zafi, in an buɗe shi sai wani wari ya fara tasowa kafin a kai baki. Dillalan Sabon Gari suka fara dawo da kaya. Ma'ajiyarmu ta Bompai ta cika da kiret ɗin da aka ƙi karɓa, har ana jera su a waje. Wani direbanmu ya ce a Hotoro wata mai shago ta biyo shi da kwalba a hannu, ta ce sai ya shanye a gabanta in ya isa. Ya ce ya kurɓa ya kasa haɗiyewa. Wannan direban yana cikin waɗanda suka zauna a ɗakina suka kasa gane kofin da ya fita daban.

Madam ta dawo tare da wani babba daga Ikko. Aka tara mu a ofis. Manaja ya buɗe rahoton ya ɗora yatsa a kan sa hannuna, ya ce shi da abin da ɗakin gwaji ya ba shi ya yi aiki, in akwai sakaci to daga can ne. Ya faɗi haka da Turanci mai kyau, ko muryarsa ba ta girgiza ba. Madam ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, “Ina dattijon nan mai zartsi?” Da Hausa ta faɗi kalmar.

Na ce yana fili yana tsintar kwalba. Na nemi izini na fita, na hau keke har Zawaciki cikin ranar nan, na ɗauko takardun daga ƙarƙashin katifa, na dawo rigata sharkaf. Na ajiye su a kan tebur, na faɗi duk abin da ya faru, har da ƙanƙarar, har da sa hannun da na yi ina sane. Madam ta jera takardun farko kusa da na biyu tana bi da biro har ta gama. Sannan ta tambayi manaja wa ya ce a sauya mutanen. Ya ce shi ya ga ya dace a samu masu ilimi.

Ga yadda aka yi hukunci. Aka rufe burtsatsen, aka koma sayen ruwa a tanka har aka kawo injin tacewa. Manaja aka mayar da shi wani reshe da matsayinsa da motarsa, har da walimar ban kwana a kantin ma'aikata, aka yanka rago. Ni aka ba ni takardar gargaɗi mai laifi biyu: sa hannu a rahoton da ba daidai ba, da fitar da takardun kamfani ba da izini ba. Na farkon na karɓa, na cancanta. Na biyun kuwa har na bar kamfanin ban daina jin haushinsa ba. Baba, ba wanda ya rubuta masa ko layi ɗaya. Foman ne kawai ya je ya ce masa gobe ya koma wajen wanki, kamar dai ba abin da ya faru.

Madam ta so a kafa masu ɗanɗano na dindindin, Baba ya zama na farko, a ƙara masa wani abu a albashi. Sabon manaja ya ce ba a taɓa yin haka ga lebura ba, amma yana iya zuwa ya riƙa ɗanɗanawa in an kira shi. Ni aka aika in gaya masa. Na bari sai ranar Lahadi na je gidansa a cikin ƙauye, don ban so in faɗa masa a gaban mutane. Ya shimfiɗa min tabarma a zaure, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, “Ka gaida matar nan, ta san aikinta. Amma ba zan koma ɗakin nan ba. An kira ni mai surkulle a gaban yara, wanda ya faɗa ya tafi bai janye ba. In na koma, ranar da na sake faɗin abin da ba a so, me za a kira ni?”

Ban yi ƙoƙarin lallashinsa ba. Na yunƙura zan tashi sai ya ce in dakata. Ya shiga cikin gida ya fito da wata kwalba cike da ruwa, an toshe bakinta da tsumma. Ya ce daga rijiyar gidansa ne, wadda ya haƙa da hannunsa shekarar da ya yi aure. Tun damina ta wuce ya fara jin abin nan a cikinta, kaɗan-kaɗan, yanzu har matan gidan sun fara cewa tuwo yana sauya launi. Rijiyoyi uku na maƙwabta ma haka. Ya ce, “Ku da kuke da injuna, ka duba min. Jikokina ne ke sha.”

Na kai kwalbar ɗakin gwaji ranar Litinin. Sabon manaja ya gan ta a kan tebur ya tambaya, na gaya masa. Ya ce kayan awon kamfani ba na rijiyoyin ƙauye ba ne, kuma kada in jawo mana rigima da maƙwabta. Na ɗauki hutun rabin yini na kai ta wani ofishin gwamnati a cikin gari. Aka karɓa, aka rubuta sunan ƙauyen a wata 'yar takarda aka liƙa, aka ce in dawo bayan mako biyu. Na koma sau uku. A zuwa na uku wanda na bai wa ya tafi kwas, na kuma hango kwalbar a kan taga inda aka ajiye ta tun ranar farko, tsumman ya bushe.

Na je na gaya wa Baba yadda aka yi, ban ɓoye masa komai ba. Ya ce ya gode da wahalar da na sha. Makon da ya biyo baya ya sa 'ya'yansa suka rufe bakin rijiyar da itace da ƙasa, ya sayi jaki, aka riƙa ɗebo musu ruwa daga wani ƙauye da ke gaba da titin jirgin ƙasa. Ya ci gaba da wankin kwalba har shekara biyu, sannan idonsa ya fara ba shi matsala, ya ajiye aikin.